Cikin Kyanwar Mma Zuleha

Duk wanda ya ce maka Mma Zuleha mai gero mace ce mai yafiya, to bai taɓa zama a layinmu ba. Ni na zauna. Sitona na gyaɗa da wake yana manne da nata a kasuwar hatsi ta Bawku, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma na daɗe ina kallonta tana awo da kwanon nan nata mai lotsattsen gindi. Tana ciyar da baƙo, ba ta tauye mudu, ba ta shiga abin da ba ruwanta. Amma in ka taka ta ba za ta ce maka uffan ba, ajiye abin take yi ta jira ranarsa. Ni dai ban ga laifinta ba, wanda kuma ya ji labarin nan har ƙarshe ya ga laifinta, ya zo ya same ni a sito.

'Yar Salaga ce, daga tsofaffin gidajen fataken goro. Fataucin goron ya daɗe da mutuwa kafin a haife ta, doya ubanta yake lodawa zuwa kudu, amma Hausar gidan ba ta mutu ba. In tana magana sai ka rantse rediyo aka kunna. Mu da muka tashi da yarukan Kusal da More a baki mun sha gyara a wurinta har mun saba.

Aure ya kai ta Yendi, gidan wani dillalin shanu, Aruna. Auren so ne, ita ta faɗa mini da bakinta. Shekaru suka yi ta tafiya babu haihuwa, sai rana ɗaya ciki ya fito. Gida ya ɗauki murna, Aruna ya sayo ɗan rago ya ɗaure a tsakar gida domin suna. Watannin haihuwa suka cika suka wuce, babu naƙuda. Tsofaffin gidan suka duba suka ce ai cikin ne ya kwanta, yakan faru, ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa sai an tashe shi. Aka shiga jiƙe-jiƙe da rubutun sha. Ta sha mai ɗaci, ta sha mai wari, ta yi hayaƙi, duk don a ta da cikin. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ragon ya yi ƙiba, ƙahonsa ya murɗe, ita kuwa sai ramewa take yi, cikin yana nan gaba.

Aruna yana da ƙane, Sidiku. Kowa ya san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta, ya tsokane ta, ta rama, ba mai riƙe wani a rai. Sidiku ya fake da wannan wasa ya yi ta yankarta. In ya shigo da safe sai ya gai da ragon kafin ya gaishe ta, ya tambaye shi ko ya fara furfura. Ba ta da damar yin fushi, don da ta ɓata rai za a ce ba ta san wasa ba.

Ranar da jini ya ɓalle mata ta faɗi a bakin murhu aka kai ta asibiti a Tamale. Ba ɗa ba ne, ƙari ne. Aka yanka aka cire shi, aka cire mahaifar tare da shi. Ta dawo gida dab da Babbar Sallah, ɗinki bai gama warkewa ba, aka ce tun da babu suna sai a yi layya da ragon. Tana zaune a ƙofar ɗaki Sidiku ya kawo mata gasasshiyar hanta a faranti, a gaban dangi, ya ce, "Matar yaya, ga naman suna. Wane suna aka sa ma kumburin?"

Wasu suka yi dariya. Aruna ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, kuma shirun nan nasa ya fi maganar ƙanensa yi mata ciwo. Da ta iya tafiya da ƙafarta ta koma Salaga, ta nemi saki aka ba ta. Daga can wata gwaggonta ta jawo ta Bawku ta koya mata gero. Ba ta sake aure ba. Ni kaɗai na san wannan a duk layin, ta ba ni labarin wata rana muna sheƙa, ba ta kuma sake tayar da shi ba.

Sai ga shi Allah ya sake haɗa ta da Sidiku. Siton da ke kusa da nawa ya zama babu kowa, aka ce wani Alhaji daga Yendi ya kama shi zai sayar da dawa da gero. Ya sauko daga motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, da babbar riga da tumbi, ya hango ta, ya washe baki ya ce, "A'a, matar yaya."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Alhaji Sidiku, wasa ya mutu ranar da aure ya mutu."

Ya yi dariya, a zatonsa wannan ma cikin wasan ne. Tun daga ranar in ya gaishe ta takan amsa a taƙaice ta ci gaba da awo. Shi kuma da ya ga ba ta tankawa sai ya ɗauke ta kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Situna biyar ne a layin namu: nata a ƙarshe, sai nawa, sai na Alhaji Sidiku a tsakiya, sai na Baba Abdul-Gafar mai masara, dattijon layin, sai na Hanatu mai waken suya.

Kyanwar ta zo ne da kaka, lokacin da sabon gero ya fara shigowa. Ba wanda ya san daga ina, wasu sun ce daga motar albasa ta Burkina ta diro. Ruwan toka ce, kunne ɗaya a yage, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, amma ga ciki ya yi tulu kamar ba nata ba. Ƙofar Alhaji Sidiku ta fara leƙawa. Ya ɗauki dutsen sikeli ya jefe ta, ya same ta a ƙafar baya. Ta ja ƙafa ta wuce sitona ta shige ƙarƙashin katakon da Mma Zuleha ke jera buhuna a kai.

Mma Zuleha ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta yi ta lallashi da kan busasshen kifi har dabbar ta fito. Mata suka taru ana kallo. Hanatu ta ce ciki ne, wata mai sayen gero ta ce tsutsa ce, ta taɓa ganin irinsa. Alhaji Sidiku ya taso daga bencinsa yana sakace, ya leƙa ta saman kawunanmu.

Ya ce, "Wannan kyanwa ba shi da ciki koraa, ko kaɗan. Kumburi ne. Matar yaya, ke ya kamata ki fi kowa sani, irin naki ne na Yendi, wanda muka ci ragon shi."

Asirin da ta rufe tun kafin in yi wayo, ya zazzage shi a tsakiyar kasuwa a gaban 'yan dako da baƙi. Na ɗaga kwanon awona, kuma wallahi da na sake shi da an ɗinke goshin Alhaji a ranar. Ta riƙe wuyan hannuna gam.

Ta ce, "Sadiatu, ajiye. Baki shi ke yanka wuya."

Da la'asar, kasuwa ta yi sauƙi, ta kira ni cikin sitonta. Kyanwar tana kwance a kwali, an shimfiɗa mata tsohon zane.

Ta ce, "Kin san ɓera ba ya barin kasuwa. Sito kawai yake canjawa."

Na ce na sani.

"In kyanwar nan ta haihu, ke ɗaya, Baba Abdul-Gafar ɗaya, Hanatu ɗaya, uwar tana wurina. Situna huɗu da kyanwa, ɗaya babu. Ki gaya mini inda ɓerayen layin nan za su koma."

Na yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Sai daga baya na gane dalili: duk wannan shiri yana rataye ne a kan abu ɗaya, cikin ya zama ciki. In kumburi ne, kyanwa za ta mutu a hannunta, Alhaji ya yi gaskiya a gaban kowa, a kuma ci gaba da haɗa sunanta da na kyanwar ana dariya har ta bar duniya.

Ban taɓa ganin an yi jinyar dabba kamar yadda ta yi ba. Ta gasa ƙafar da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗe. Kullum da safe tana tare Bafillatana mai nono kafin ta shiga kasuwa. Kifi kuwa sai ta zare ƙaya da hannunta ta murmushe shi cikin tuwo. Tana ƙosar da ita da gangan, don Alhaji Sidiku mutumin guba ne, yana barbaɗa maganin ɓera a lungunan sitonsa, ita kuma ba ta son yunwa ta kai kyanwar ga ɓeran da ya ci gubar. Ta hana kowa ɗaga ta ta ciki. Wani ɗan dako ya kai hannu zai matsa ya ji, ta maka masa mafici.

Ranar kasuwar shanu ta sa ta a kwando muka je wurin likitan dabbobi. Ya juya ta, ya duba ido, ya duba nono, ya ce shi gaskiya ba zai rantse ba. Ramar ta yi yawa, zai iya zama ciki, zai iya zama tsutsa, zai iya zama ruwa. Ya ce yana da maganin tsutsa, amma irin na hannunsa in ciki ne zai iya zubar da shi.

Ta ce, "In ba a ba ta ba fa?"

Ya ce, "In tsutsa ne, zai ci gaba da ci shi. Mma, ke za ki zaɓa."

Ta rufe kwandon ta ce an gode. A hanya na ce mata ko a gwada rabi. Ta ce, "Ni an ɗura mini abin da ba a san amfaninsa ba har na gaji. Ba zan ɗura mata ba. A ba ta abinci a bar ta."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kyanwar ta murmure, gashinta ya kwanta, ɗingishin ya ragu, cikin ya ƙara faɗi ta gefe biyu. Alhaji Sidiku kullum in ya buɗe sito sai ya ɗaga murya ya tambayi Hanatu ko an sayi ragon suna. Wata rana na shiga na tarar da Mma Zuleha ta ɗora tafin hannu a gefen cikin, a hankali, idonta a rufe.

Na ce, "Mma, kin ji motsi?"

Ta ce, "Na ji."

Na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

Ta buɗe ido ta ce, "Sadiatu, a Yendi ma na ji motsi."

Tausayinta ya kama ni, tsanar mutumin nan kuma ta ƙaru a raina har na daina amsa sallamarsa.

Sai kyanwa ta ɓace. Aka buɗe sito da safe, kwali wayam. Muka duba ƙarƙashin katako, bayan buhuna, kwalbati, har wurin masu nama. Mma Zuleha ba ta yi awo ba ranar, ta zauna ta zuba wa ƙofar Alhaji ido kawai. Washegari ma haka. Ni na riga na yanke cewa ya kashe ta ya jefar.

Ranar da kasuwa ta sake ci, rana ta ɗan ɗaga, sai ga ta ta diro daga kan bango tana kukan yunwa. Cikin ya tafi, fatar tana reto. Alhaji Sidiku ya gani ya tafa hannu.

Ya ce, "To, kumburi ya sace. Ina yara? Na faɗa maku."

Mma Zuleha ba ta dube shi ba. Ta zuba nono a murfi, ta bar ta ta sha, sannan ta kwantar da ita ta duba. Nonuwan sun cika, gashin da ke kewaye da su ya jiƙe ya kwanta, an tsotsa. Ta sake ta, muka tsaya muna kallo. Kyanwar ta lashe baki, ta hau buhuna, ta kama azarar da ke ƙarƙashin kwanon rufi, ta bi ta saman sitona, ta sauka cikin siton Alhaji Sidiku. Duk faɗin kasuwar Bawku, a can ta ga damar haihuwa, bayan buhunan dawarsa, inda ya barbaɗa guba.

Mma Zuleha ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a bakin ƙofarsa ta zauna, ta tare hanya. Ta ce in kira Baba Abdul-Gafar da Hanatu. Ranar kasuwa ce, ga mutanen Togo, ga na Burkina, nan da nan wurin ya cika.

Ta ce, "Alhaji, a ɗage buhunan can na lungu."

Ya ce babu komai a lungunsa sai dawa, kuma yana da masu saye. Baba Abdul-Gafar ya ɗaga hannu aka yi shiru, sai muka ji ɗan siririn kuka daga ciki. Dattijon ya ce, "Sidiku, akwai guba a wurin nan. In mai shayarwa ya mutu a siton ka, alhaki a wuyan ka."

'Yan dako suka matso za su ɗaga. Mma Zuleha ta ce, "A'a. Hannun da ya jefi uwar shi zai ɗaga."

Haka Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya yi ta jan buhuna yana nishi, gumi yana zuba ta gemu. Ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana aiki kamar ranar ba. Da ya janye na ƙarshe sai ga su a kan yagaggen buhu, su huɗu, ido a rufe, suna ta rarrafe a jikin uwar. Taku ɗaya tsakaninsu da murfin gwangwanin da ya zuba gubar.

Fuskarsa ta canja, don kowa ya san ana cewa kyanwa ba ta haihuwa sai inda arziki yake. Ya ce ai a sitonsa aka haife su, nasa ne. Baba Abdul-Gafar ya ce 'ya'yan dabba uwa suke bi, uwa kuma ta wanda ya ciyar da ita ce, ba ta wanda ya jefe ta ba.

Mma Zuleha ta miƙe, ta shiga, ta tsaya a kansu. Ta ce, "Alhaji, mene ne waɗannan?"

Ya ce, "Yaran kyanwa ne."

"Daga ina suka fito?"

Ya hau goge wuya. Ta jira. Duk kasuwar ta jira tare da ita.

Ya ce, "Ciki ne."

Ta ce, "Kunnena ya tsufa."

Ya sake faɗa da ƙarfi, har na bayan taron suka ji. Sannan ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a cikin kwanon awo, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta fita da su, uwar tana biye da ita. A ranar ta sa aka toshe saman bangon da ragar waya.

Da suka isa yaye ta yi rabon kamar yadda ta faɗa. Na sami baƙa, Baba Abdul-Gafar ya sami mai zane, Hanatu ta sami mai farin wuya. Ba a daɗe ba abin ya fara. Ɓeran da a da ke raba ɓarnarsa gida biyar ya tattara ya koma gida ɗaya. Kullum da safe Alhaji yana tsugunne da basilla yana ɗinkin buhu, dawa a zube, kashin ɓera a cikin gero. Ya ƙara guba, suka riƙa mutuwa a bayan buhuna, wari ya hana masu saye tsayawa. Ya nemo wani muzuru daga garin Binduri, ya kwana biyu ya gudu, don kyanwar da aka kawo da girmanta ba ta zama, kuma uwar nan ba ta bar shi ya sha ruwa a layin ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Saura ɗaya a wurin Mma Zuleha, 'yar auta, ruwan toka kamar uwarta. Alhaji ya daɗe yana kallonta kafin ya iya haɗiye girman kansa. Wata safiya ya zo ya tsaya a bakin sitonta, ya yi sallama, a karo na farko bai ce matar yaya ba.

Ya ce, "Mma Zuleha, ɓera ya gama da ni paa, ƙarƙaf. Ki taimaka ki ba ni wannan ƙaramin."

Ta ci gaba da cika kwano, ta share bakinsa da gefen hannu, ta juye wa mai saye, sannan ta ɗago.

Ta ce, "Kumburi ba ya kama ɓera, Alhaji."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya juya ya koma. Na zaci an gama, ashe da saura. Ta sa 'yar autar a wani kwali, ta huda ramukan iska, ta saka kifi da tsumma, ta ce in raka ta tasha. Akwai wani direba, Jalil, da ke bin hanyar Yendi da lodin hatsi, ta san shi tun yana kwandasta. Ta kwatanta masa gidan, ta ce mai ƙofar ƙarfe kusa da masallacin dillalan shanu, ya tambayi tsoho Aruna, ya ba shi kwalin a hannunsa a gaban mutanen gidan. Ta ce su ba ta nono, kada su ɗaure ta.

Jalil ya ce, "Mma, in ce daga wa?"

Ta ce, "Ka ce daga Zuleha 'yar Salaga. Ka gaya musu cikin da ya kwanta ya tashi."

Muka tsaya har motar ta fita daga tasha. Sannan muka kamo hanyar kasuwa. Da muka iso ta zauna a kujerarta, kyanwar ta zagaya kwalin da babu kowa a ciki, ta shinshina, sannan ta hau cinyarta ta kwanta a jikin cikinta, daidai inda ɗinkin yake. Mma Zuleha ta ɗora mata hannu, hawaye yana gangarowa, ba ta share ba. Wata mata ta zo sayen gero, na tashi na auna mata.